Bakwai Biyar Sifili Sifili

Ku ajiye wayar nan tukuna, na gani. Na ga jirgin yana rarrafe a kan taswira, na ga lambobi huɗun da ke gefensa, ni ba makaho ba ne. Tun ɗazu kunka cika min ƙofar shago da surutu, wai aikin jirgi ba wani abu ba ne, matuƙi ya sa lamba huɗu, mutanen ƙasa su gan shi, shi ke nan. Kai mai jar hula, kai ne ka ce ko ƙanenka na firamare ya iya. To ja benci ka zauna. Lambobin nan huɗu sun kwantar da ni rubda ciki a kan kwalta da bakin bindiga a ƙeyata, sun kuma shiga tsakanina da yayana, uwa ɗaya uba ɗaya, shekara da shekaru. Kafin ku san ni da Baba Umaru mai gyaran rediyo, ni makanikin rediyon jirgin sama ne, da lasisina, tun Birnin Kebbi tana ƙarƙashin jihar Sakkwato.

Rediyon farko da na buɗe, a Argungu na buɗe ta, a rumfar Saje Nomau. Tsohon soja ne da ya yi aikin sigina, wato sadarwar soja, kunnensa ɗaya ya mutu, ɗayan kuwa yana jin ƙarar da kai mai kunne biyu ba ka ji. Mahaifina malami ne a can garin, ya so in gaji allo, da ya ga na fi son kwance tocila da agogon mutane sai ya kai ni wurin Saje. Wani masunci ya kawo rediyo mai batir huɗu da ta faɗa gulbi. Na shanya ta, na goge, na liƙe wayar da ta tsinke da dalma, ta kama magana. Na miƙa wa mai ita ina washe baki. Saje ya fizge ta, ya girgiza sau biyu, ta yi tsit.

Ya ce, "Wa yac ce maka ta gyaru?"

Na ce, "Ai ta yi magana, Baba."

Ya ce, "Mai zazzaɓi ma na magana."

Kwana uku na yi a kan rediyon nan. Da na gama sai ya yanko filasta, ya sa na rubuta sunana, na manna a cikin murfin baya. Haka dokarsa take, duk abin da ka gyara sunanka na ciki. In ta mutu a hanya, kai ne ka yi ƙarya, ba rediyo ba. Kayan aikinmu ba su taka kara sun karya ba: ƙarfen liƙi da muke gasawa a gawayi, filaya, sukundireba uku, tsohon buroshin haƙori, da mita mai allura. Ga ta can a kan kanta, ita ce dai, kada wanda ya taɓa min ita.

Shekara shida ina wurinsa sai wani kamfani ya samu aikin feshin jan-baki a fadamar Rima. Ku ’yan birni ba ku san jan-baki ba sai a faranti. Tsuntsu ne da bai cika tafin hannu ba, amma in ya taso sai ka ce hadari ne ya haɗo, ya sauka a gonar shinkafa da hantsi, kafin azahar mai gona ya koma mai kara. Ba a iya masa da rana. Sai an bi shi an gano makwantarsa a cikin ƙaya da ciyawar burugu, in ya taru da almuru jirgi ya bi ta kansa ƙasa-ƙasa ya saki magani. Kamfanin na da ƙaramin jirgi mai farfela ɗaya, kujera gaba, kujera baya, suna neman mai kula da batir da rediyon ƙasa. Saje ya tura ni. Bayan damina biyu sunka aika ni kwas Zariya, na dawo da lasisi. Ma’anar lasisin ita ce kowace safiya, kafin jirgi ya ɗaga, ni zan duba rediyo da duk abin da ke da waya, in buɗe littafin jirgi in sa hannu cewa lafiya lau. Filastar Saje ce dai ta koma littafi.

Akwatin da kuke gardama a kansa, taransifonda ake ce masa, mu kan ce akwatin amsa. Bai kai rediyon masuncin nan girma ba. A fuskarsa akwai maɓallai huɗu na murɗawa, kowane da ’yar tagar da lamba ke leƙowa, daga sifili zuwa bakwai. Babu takwas, babu tara. Duk wanda ya ce muku ya ga tara a ciki, ku bar shi da labarinsa. A babban filin jirgi akwai na’urar rada da ke juyawa tana tambayar sama, wane ne nan? Akwatin shi ke amsawa. Mai hasumiya, wato mai ba jirage hanya daga ƙasa, ya ba matuƙi lamba ta rediyo, matuƙi ya murɗa, sai ɗigon da ke yawo a allon mai hasumiya ya samu suna. Lambar aro ce, yau taka, gobe ta wani. In ba a ba ka komai ba, ka bar shi a biyu sifili sifili sifili.

Amma akwai guda uku da ba a ba kowa, matuƙi ke sa su da kansa ranar da baki ya gaza. 7700, ina cikin haɗari, ku buɗe min hanya. 7600, rediyona ya mutu, ba na jin ku. 7500, akwai ɗan fashi a jirgina. Ku duba tazarar da ke tsakanin rediyo ya mutu da an yi min fashi: murɗa ɗaya, kas, shi ke nan. Don haka ne ake koya wa matuƙi ya maida akwatin kan jira kafin ya taɓa maɓallai, ya duba tagogin da idonsa, sannan ya kunna. Ga kuma abin da wayarku ba ta gaya muku ba. In mai hasumiya ya ga 7500, zai tambayi matuƙi ko ya tabbata. In ya ji shiru, to shirun nan eh ne, domin wanda anka ɗora wa bindiga a wuya ba ya dogon bayani. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

A nan Birnin Kebbi babu mai ganin lambarka. Rada tana can Kano, jirginmu kuwa a tsawon gawo yake tashi. Matuƙa sunka maida akwatin abin ado. Ni dai kullum sai na kunna shi, na danna gwaji na ga fitilarsa ta kama, na murɗa maɓallan na ji kowane ya zauna daram. Na kuma yanko filasta na rubuta lambobi ukun nan da ma’anarsu, da boko da ajami, na manna a gefensa.

Matuƙinmu Kyaftin Lawan ne, Bakano, dogo, mai farin tabarau. Zan ba shi haƙƙinsa, ban taɓa ganin mai hannu irin nasa ba. Na ga ya bi makwanta a bayan Augie, rana ta faɗi, tayoyinsa na shafar kan ciyawa, ya fito bai ko yi gumi ba. Sai dai ƙasaita. Ranar da ya ga filastar sai ya sa farce ya ɓamɓare ta, ya manna min a aljihun riga.

Ya ce, "Malam Umaru, jirgi ne wannan, ba zauren tsibbu ba. Ba na tashi da laya."

Na ce, "Kyaftin, ba don yau na rubuta ba."

Ya ce, "Abin da na sani tun kana gasa ƙarfe a Argungu?"

Na sake mannawa, ya sake cirewa. A karo na uku na bar masa, na ce wanda bai ji bari ba ya ji hoho.

Sai ga muguwar shekarar nan, lokacin mulkin soja, da ruwa ya ɗauke tun gero bai fid da kai ba. Daji ya bushe, babu ƙwayar ciyawa, duk jan-bakin duniya ya kwararo fadama, don nan kaɗai ke da ɗanye. Gonar gidanmu tana Zauro, garinmu na asali. Yayana Arzika ke noma ta, ita ke ciyar da gidansa da nawa da mahaifiyarmu, don a lokacin mahaifinmu ya rasu. Shinkafa ta fid da kai, ƙwayar tana nono, daidai lokacin da tsuntsu ya fi so. Masu bin sawu sunka gano makwanta tsakanin Zauro da Argungu. Ranar da za mu fesa, an cika tanki, an gwada, famfon feshi ya ƙi. Babu irinsa sai a Kano. Anka shirya mu tashi da sassafe da mataccen famfon, mu ɗauko sabo, mu dawo kafin la’asar, mu fesa da almuru.

Yanzu zan gaya muku laifina, don ban saba ɓoye shi ba. Akwai wani fulogi a bayan rediyon jirgin da tururin magani ya cinye har ya yi kore. Ba ni da sabo. Na kankare shi da buroshi, na maida, na kira rediyon ƙasa, anka amsa tangaran. Na sa hannu, na ce in mun isa Kano na canza. Ban girgiza ba. Shekara shida Saje na koya min girgiza, ranar da ta fi kowace muhimmanci na ce sauri nake yi.

Kusan awa uku muna sama, ina kujerar baya, famfon naɗe cikin buhu a cinyata, bututunsa ya leƙo waje. Mun fara hango Kano sai na ga Kyaftin yana bubbuga abin kunnensa. Ya murɗa nan, ya daki can, ya waiwayo ya watsa min wani kallo. Na san fulogin nan ne. Na ga hannunsa ya tafi kan akwatin amsa, yana murɗawa da sauri, idonsa na waje yana neman fili. Daga kujerar baya ba a ganin tagogin. Na dafa kafaɗarsa, na ɗaga masa yatsu shida, ina ihu, "Shida, Kyaftin, shida!" Ƙarar inji ta cinye muryata. Ya kaɗa min hannu kamar mai korar ƙuda.

Mun sauka lafiya. Abin da ya fara ba ni mamaki, babu jirgi ko ɗaya da ke motsi a filin. Wata mota ta ja mu can ƙarshen kwalta, nesa da gine-gine. Kafin farfela ta tsaya sojoji sun kewaye mu. Mutanen hasumiya sun ga 7500, sun tambaya, sun ji shiru, sun sake tambaya, shiru. Ga kuma mutum a bayan matuƙi da abu naɗe cikin buhu mai dogon baki. Ku da kanku me za ku ce? Anka buɗe ƙofa, anka cafko wuyan rigata. Lokacin da suke jana waje kaina ya bi ta gefen kujerar gaba, idona ya faɗa kan akwatin. Bakwai, biyar, sifili, sifili. Na gani kamar yadda nake ganin jar hular nan. Daga nan sai kwalta mai zafi a kumatuna da takalmi a gadon bayana. Ban taɓa ganin laifin sojojin nan ba, aikinsu sunka yi.

Kafin la’asar an gane babu ɗan fashi, sai makaniki da mataccen famfo. Sai dai an rufe babban fili, an hana jirage sauka, dole a san wanda ya jawo. Kyaftin ya ce shi 7600 ya sa. Anka je anka duba, tagogin na nuna 7600. Ai shi ya zauna ya kashe inji bayan an fitar da ni, murɗa ɗaya ce. To in matuƙi ya sa shida, ƙasa ta ga biyar, saura wa? Akwati. Akwati kuma na wa? Anka ɗaure shi da hatimi, anka tsare jirgi, anka ce sai mai bincike ya zo daga Legas da na’urar gwaji. Yaushe? Babu wanda ya sani.

Washegari Manajan kamfani ya iso, ya kira ni wani ɗan ofis, ya tura min takarda da biro. Mutum ne mai sanyin murya, irin wanda ke yanka ka yana tambayar lafiyar iyali. Na karanta sau biyu. Takardar ta ce ni Umaru, na bincika na samu akwatin amsa na da matsala, yana aika lambar da ba ita anka sa ba.

Ya ce, "Ka sa hannu, mu ɗauko wani akwati a sito mu ɗaura, gobe da safe kuna sama. Za a dakatar da kai ’yan watanni, mu kuma ba za mu yar da kai ba. In ka ƙi, Kyaftin ba ya tashi sai an gama bincike, ba ni kuma da wani matuƙi a kusa. Ka fi ni sanin abin da ke faruwa a Zauro."

Na ce, "Ranka ya daɗe, akwatin nan lafiyarsa lau. Biyar na gani da idona."

Ya ce, "Mutumin da ake ja da wuya ne zai tsaya karatun lamba?"

Na karɓi farar takarda na rubuta abin da na sani: fulogi ya ci, na kankare, ban canza ba, na sa hannu, rediyo ya mutu a sama, laifina ne. Na sa hannu a wannan. Manaja ya karanta, ya cire tabarau.

Ya ce, "Kai wane irin mutum ne? An ce ka ɗauki kayan da za su fid da mu, ka je ka ɗauko wanda babu mai tambayarka."

Na ce, "Wannan nawa ne. Wancan a nemi mai shi."

Kyaftin ya same ni bayan sallar azahar a gindin wata darbejiya. Babu tabarau, babu ƙasaita. Ya ce, "Malam Umaru, ina da ’ya’ya." Na ce ni ma ina da su. Na ce masa kuskure ne, kowa na yi, ya je ya faɗa. Ya tashi ya tafi. Na tausaya masa, wallahi, amma tausayi bai sa tagar nan ta koma shida a idona ba.

Manaja ba yaro ba ne. Ya aika Zauro cewa ɗanku ne ya riƙe jirgi. Rana ta huɗu sai ga Yaya Arzika, ya kwana a bayan babbar mota, mutumin da bai taɓa wuce Sakkwato ba. Tafin hannunsa duk ya tsage da jan igiyar gwangwani, muryarsa ta dishe da korar tsuntsu, sai ka matsa kake jin sa. Ko ruwa bai karɓa ba.

Ya ce, "Umaru, mi nika ji? An ce kai ka riƙe jirgi."

Na ce, "Yaya, takardar ƙarya anka ba ni."

Ya ce, "Tawada ta fa. Tawada da takarda. Mata da yara na cikin gona tun asuba, Inna da kanta ta ɗauki kwano tana bugu. Kwana biyu nan gaba babu sauran abin kora."

Na ce, "Akwatin lahiya tai lau, Yaya. In na ce yana ƙarya, gobe wani ya murɗa shi da gaske a ce a rabu da shi, ƙananan jiragen ga haka suka yi."

Ya ce, "Akwati na da ciki? Akwati na cin tuwo?"

Na ce, "Baba ya hana mu shaidar zur."

Ya ce, "Kak ka kawo min Baba. Baba ya huta. Inna na da rai, kuma shinkafag ga ta ka ci."

Ba zan yi muku ƙaryar jarumta ba. Na ji tsoro, na ji kunya, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Yayana ne, shi ya goya ni, shi ke auno min shinkafa ina yawo da farar riga a filin jirgi. Munka shiga ofis tare, Manaja ya turo takarda, na ɗauki biro. Na ce bari in sake karantawa. Na zo kan kalmomin nan, na bincika na samu. Ban bincika ba, akwatin na ɗaure da hatimi. Ban samu ba. Na ajiye biro na ce, "Yaya, ka yi haƙuri, ba ni sawa." Bai zage ni ba, da ma ya zage ni. Ya gyara hularsa, ya tambayi Manaja hanyar tasha.

Sai rana ta goma sha ɗaya mai bincike ya zo, wani dattijo mai furfura da akwatin gwaji a hannu. Ya karya hatimi a gabanmu duka. Ya sa shida, na’urarsa ta nuna shida. Ya sa biyar, ta nuna biyar. Ya bi maɓallan ɗaya bayan ɗaya, daga sifili zuwa bakwai, bai tsallake ko guda ba. Daga ƙarshe ya ciro akwatin ya girgiza shi da ƙarfi ya sake gwadawa, na ce a raina wannan ko ya taɓa zama a rumfar Saje. Ya rubuta cewa akwati ba shi da aibu. Ya juya ya kalli Kyaftin, Kyaftin ya ce, "Ni ne." Anka dakatar da shi. Ni ma anka dakatar da ni wata uku saboda fulogi, da takardar da na rubuta da hannuna. Kamfani kuwa bai sake nemana ba, ni ma ban je roƙo ba. Jirgin ya koma fadama da wani matuƙi bayan mako uku, ya fesa wa tsuntsun da ya riga ya ƙoshi.

Na sauka a mota na wuce Zauro kai tsaye, ban biya gida ba. Daga nesa gonar kamar lafiya, kara a tsaye, kore shar. Sai ka matsa ka kama zangarniya ka ji ba nauyi, ɓawo ne fari, an tsotse. Gwangwanayen na rataye a igiya, iska na kaɗa su, babu mai ja. Ba gonarmu kaɗai ba, duk wannan gefen. Mutanen da na sani tun ina yaro sunka ga ni, sunka juya baya. Na samu Yaya yana yankan kara don dabbobi. Na gaishe shi, ya amsa bai ɗago ba.

Ya ce, "Na ji an dakatar da kai duk da haka."

Na ce, "An dakatar."

Ya ce, "To mi kas samu?"

Abin da na samu ba ya shiga tukunya. A shekarar nan gidanmu ya ci garin rogo da zogale har wata damina, Yaya ya rabu da shanun nomansa biyu. Ni na buɗe wannan shagon da mitar Saje. Tsakanina da Yaya sai gaisuwa, a suna, a jana’iza, a idi. Buhun shinkafata bai taɓa fashi ba, duk kaka sai ya aiko, amma ko sau ɗaya bai haɗa da saƙo ba.

Na ga bakinka na motsi, mai jar hula. Kana so ka ce da na sa hannu da an tsira. Wataƙila. Na auna wannan a raina fiye da yadda za ka iya aunawa, kuma shinkafar nan tana min ciwo har gobe. Amma je ka ɗauko takardar nan yau ka ajiye a kan kantar nan, ka kira duk Zauro su tsaya a kaina, ba ni sawa. Matuƙin da bakinsa ya mutu a sama ba shi da kowa sai akwatin nan da makanikin da ya ce lafiyarsa lau. In makaniki na sa hannu don an matsa masa, to ku sauka ku hau jaki, ya fi muku.

An yi jihar Kebbi da daɗewa, duk mun yi furfura, sai aka aiko cewa Yaya na kwance yana nemana. Na tarar da ɗaki cike, ga liman, ga mai unguwa, ga ’ya’yansa maza. Ashe akwai gonar marayun da wani ƙanenmu ya rasu ya bari, tana hannunsa amana, yana so a rubuta iyakarta tun yana da rai, don kada ta narke cikin gado. An rubuta tun safe, shaidu sun miƙa hannu za su karɓi biro, ya hana.

Ya ce, "A ba Umaru shi fara. Wanga ya bari tsuntsu ya cinye min shekara guda don kar shi sa hannu ga ƙarya. Takardad da yas sa ma hannu, babu ɗan da ka tada ta bayana."

Ya juyo da kai wurina da ƙyar. Ya ce, "Kak ka ɗauka na manta da shinkafata."

Na ce, "Ni ma ban manta ba, Yaya."

Liman ya miƙo min takarda da biro, ya nuna min inda zan sa. Na ajiye biron a kan tabarma, na ciro tabarau, na fara daga layin farko. Na kai ƙarshe, na koma sama na sake. Babban ɗansa ya fara gyaran murya. Sai na ji gado na motsi. Yaya ne ke dariya, tari na sarƙe shi, hawaye na bin kuncinsa.

Ya ce, "Kun gani ko? Ko ni sai ya karanta."

Iyakar ta yi daidai, daga tsamiya zuwa bakin rafi. Na sa hannu.